Dokar Hana Dariya

Litinin, da hantsi

An cire shi. Likita ya fito daga ɗakin tiyata ya ce da ni, "Baba, ƙarin ya fita gaba ɗaya. Kuma ka kwantar da hankalinka, ba mugu ba ne, ba daji ba ne." Na ce ashe bawan Allah ne, ya shiga cikin 'yata ya yi zamansa, ba ya cin naman kowa. Daga yau sunansa ke nan, Bawan Allah. Sun nuna mini shi a kwalba, kamar ƙwan agwagwa da ya sha duka. Na gaishe shi, bai amsa ba, akwai kunya.

Littafin nan na 'yar tawa ne, cikin waɗanda take raba wa ɗalibanta. Ita ta ba ni, wai in riƙa zuba surutuna a ciki don nas-nas su huta. Ni da na bar makaranta ana tsakiyar koya mana rabawa, muka rabu da malamin kowa na murna. Ga shi 'yar da na haifa malama ce, ta mayar da ni aji da furfurata.

Alƙaliya nake ce mata. Tun ba ta kai tsayin tayar mota ba, duk barkwancin da na kawo gida ita ke yanke masa hukunci, kuma da yaren sana'ata. In ya yi daɗi ta ce sabuwar taya. In ta taɓa jin sa na sake masa riga, ta ce faci. In bai tashi ba ta ce ta sace. Uwarta kuwa, wadda nake kira Gwamnati, tun da na aure ta ban ga haƙorinta na ciki ba.

Watanni bakin yarinyar nan yana gyambo, leɓe da harshe da dasashi, ko ruwa sai ta rufe ido take haɗiya. Aka yi ta lalube har aka gano wannan bawan Allah a cikinta. Likita ya ce mai yiwuwa shi ne ke jawo gyambon. To ni mai faci ne, na san wannan karatun. An samu ƙusa, an zare, saura a liƙe a ba da iska.

Laraba, bayan azahar

Na leƙa rumfa. Na gaya wa mai walda, na gaya wa mai shayi, na gaya wa direbobin da ke jira da ma waɗanda ba su tambaya ba. Na ce Alƙaliya ta warke, yau iska kyauta ce a rumfata. Mai walda ya ce dama can kyauta ce, ni ne dai na ɗaure ta a tukunya nake sayar wa bayin Allah.

Wannan sabuwar taya ce. Zan kai mata a matsayin tawa.

Alhamis, da safe

Na kai mata. Ta yi dariya, leɓenta ya tsage, jini ya ɗiga a filo. Nas ta harare ni. Alƙaliya ta goge bakinta ta ce, "Ta mai walda ce, Baba. Kai ba ka kai nan ba."

Asabar, da yamma

An sallame mu. Gwamnati ta share ɗaki har ƙarƙashin gado.

Talata, bayan la'asar

Ɗinki ya kama da kyau. Ni na san ɗinki mai kyau in na gani. Bakin ne dai yana nan jiya i yau, madara take sha da cokali ta gefe guda. Likita ya ce a ba shi lokaci.

Yau ta ce za ta shanya kayanta da kanta. Daga ƙofar ɗaki zuwa igiya ba wata tafiya ba ce, amma ta tsaya a hanya ta dafa bango. Ta ce rana ce. Na ce e, rana ce. Akwai hadari a sama tun safe.

Juma'a, da hantsi

Ta ce in daina tsayawa a bayan labule ina sauraron numfashinta, ita ba tib ɗin taya ba ce.

Litinin, bayan azahar

Mun koma asibiti. Suka ba ta wani bututu suka ce ta hura da iyakar ƙarfinta. Ta hura, suka ce ta sake. Ta sake, mai na'urar ya ce bari ya kira likita.

Likitan nan mutumin kirki ne, sai dai in zai faɗi abu marar daɗi yakan cire gilashinsa ya yi ta goge shi. Yau ya goge shi har na ji tsoron zai huda. Abin da na fahimta shi ne, jikin mutum yana da sojoji masu tare cuta. Irin wannan ƙarin ba kasafai ake ganinsa ba, kuma shi da kansa ba ya ɓarna, amma a wasu mutane yakan rikita sojojin nan su juya kan gidansu. Da baki suka fara. Yanzu ga alama sun gangara huhu.

Na ce to ai an kori mai zugar. Ya ce e, amma waɗanda ya zuga ba su ji labarin an kore shi ba.

Na ce ya nuna mini inda iskar take zuba. Ya ce ba zuba take ba, Baba. Ƙananan hanyoyin huhun ne ke tsukewa, iska ta shiga ta rasa hanyar fita. Tun ina saurayi nake wannan aiki, ban taɓa ganin tayar da laifinta ƙin sacewa ba.

Na tambaye shi ko ya tabbata Bawan Allah ne ya jawo. Ya ce mai yiwuwa. Ya ce masana ma ba su gama gane alaƙar ba. Na ce ashe ba ni kaɗai na bar makaranta da wuri ba. Alƙaliya ta ɗaga hannu daga kan kujera ta ce faci. Likita bai gane ba, ya rubuta magani.

Laraba, da safe

Ƙwayoyin kwantar da sojoji sun cika faranti. Fuskarta ta fara kumbura. Ta duba madubi ta ce na yi mata iska fiye da kima.

Ita ta faɗa, ba ni ba.

Asabar, bayan azahar, a barandar asibiti

Ba zan rubuta yadda aka yi duka ba.

Muna zaune a tsakar gida, na kwaikwayi yadda likita ke goge gilashi, na ɗauki murfin kofi ina gogewa da bakin riga ina cewa mai yiwuwa, mai yiwuwa. Ta fashe da dariya irin tata ta da, wadda take dukan cinya. Dariyar ta zama tari. Tarin ya ƙi tsayawa. Sai ya tsaya, kuma ba abin da ya biyo baya. Bakinta a buɗe, idonta a kaina, farcenta ya canja launi.

Maƙwabcinmu mai tasi ya kawo mu. Ban san da takalmi ɗaya na fito ba sai yanzu.

An sa mata robar iska a hanci.

Lahadi, da hantsi

Gwamnati ta same ni a baranda. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta ɗaga murya. Ta ce, "Malam, daga yau in ka shiga ɗakin nan ka ajiye bakinka a ƙofa tare da takalminka. Numfashin da ya rage mata ba na wasanka ba ne."

Na ce na ji. Ta ce in rantse. Na rantse.

Tun da muka yi aure take kafa mini dokoki ina karyawa kafin tawada ta bushe. Wannan ce ta farko da ni ma da hannuna a ciki.

Talata, da yamma

Na shiga, na yi sallama, na zauna. Na tambaye ta ya jiki, ta ce da sauƙi. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce amin. Na ce an yi zafi yau. Ta ce an yi. Na gyara hulata. Na duba fankar sama, tana juyawa yadda ya kamata.

Ashe mutane haka suke hira? Allah ya jiƙan masu hankali, suna shan wahala.

Laraba, bayan azahar

Yau wani mai babbar mota ya tsaya a rumfa, da ƙamshinsa da baƙin gilashinsa. Ya ce tayarsa ba ta shan iskar gida, sai irin ta ƙasar waje da ake sawa a manyan gidajen mai. Na ce ranka ya daɗe akwai. Na kama injin iskar na juya bakinsa ya kalli filin jirgi, na jira wani jirgi ya sauka, sannan na tayar. Ya taɓa tayar da ƙafa ya ce lallai akwai bambanci.

Mai walda sai da ya ajiye wutarsa ya kwanta a kan benci.

Na ajiye mata wannan. In ta warke.

Juma'a, bayan la'asar

Duk wanda ya tsaya a rumfa sai ya yi mini barka. Ni na yi shelar, yanzu ni ke karɓar sakamako. Mai shayi ya ce ya ji an ce ba mugu ba ne. Na ce ba mugu ba ne. Wani direba ya ce yaushe malama za ta koma aji, 'yarsa na tambaya. Na ce ta kusa.

Ba mugu ba ne. Ko ƙarya ban yi ba.

Asabar, da safe

An yi zafi. Ta ce an yi.

Litinin, da hantsi

Zazzaɓi ya shigo. Likita ya ce maganin da ke kwantar da sojoji shi ke barin ƙofa a buɗe, kowane ɓarawo ya shiga. In an rage shi sojoji su tashi su ci gaba da rushe gida. Na ce wato ko masu gadi su cinye mu ko ɓarayi. Ya ce ba haka zai faɗa ba, amma bai kawo wata faɗar ba.

Na ce babu wani abin da ake yi a duniya? Ya ce a wasu wurare masu nisa akan sauya wa mutum huhu. Ya faɗa da sauri yana kallon taga. Ban tambaye shi hanya ba, shi ma bai kwatanta mini ba. Muka mutunta juna.

Na tambayi labarin Bawan Allah. Ya ce yana ɗakin gwaji, likitoci daga wasu asibitoci ma suna zuwa ganinsa, don da yawansu sai a littafi suka san shi. Wato shi ya samu ɗaukaka.

Talata, bayan azahar

Ta yi barci, Gwamnati ta tafi wanke kwanuka. Na tashi na bi tukunyar iskar da ke gefen gadonta tun daga kai har robar hanci. Na shafa yawu a kowace mahaɗa kamar yadda nake yi wa bawul ɗin taya, ina jiran kumfa. Da na samu ko ƙanƙanuwa ce da na ji daɗi, da na samu abin da zan gyara.

Babu. Komai a ɗaure tsaf. Wanda ya haɗa ta ya iya aikinsa.

Alhamis, da yamma

Ajiyata ta yi yawa. Ga na mai iskar waje, ga na mai shayi da kyanwa, ga na fasinjan da ya yi barci a motar da aka ɗage da jak ya farka ya ce an iso? Ina ta bitarsu a hanya kada su zube. Wata mata ta gan ni ina magana ni kaɗai ina murmushi, ta tsallaka titi.

Ina isa ƙofar ɗakin sai in cire su tare da takalmi.

Asabar, da hantsi

Maganarta ta koma guntu-guntu, kalma biyu ta huta. Ta jira uwarta ta fita karɓo magani, ta yafito ni. Na kai kunnena.

"Baba. Yaushe likita ya gaya maka?"

Na ce ya gaya mini me. Ta ce kada in raina mata hankali, ita ke kama yaran da suka kwafi amsa. Ta ce ba ta taɓa jin tsoro ba, ko ranar tiyata, ko ranar da aka kawo ta a tasi, domin duk sanda ta buɗe ido tana ganina ina shirme, ta san duniya na nan daidai. Ranar da na shigo na zauna na ce an yi zafi, ranar ta gane an gama.

Na ce wallahi ba haka ba ne, doka ce kawai, don numfashinta. Ta dube ni. Sai na ga ashe duk kwanakin nan da nake zaune da fuskar mutanen kirki ina tsammanin tattalin iska nake mata, ta'aziyyarta nake mata tana kallo.

Ta ce, "To ba ni barkwanci ɗaya."

Na ce na rantse wa uwarki.

Ta ce, "Wannan mutumin. Mai hular babana. Ka ce ya tafi. Ya turo mini babana."

Ta juya ta kalli bango.

Lahadi

Ba ta juyo ba.

Litinin, bayan azahar

Likita ya kira ni da Gwamnati ofishinsa. Bai cire gilashin ba ma. Ya ajiye hannuwansa a kan tebur.

Ba zan rubuta ba. Hannuna bai iya irin waɗannan kalmomin ba, ba a kai mu nan a makaranta ba.

Talata, bayan la'asar

Jiya da muka fito na gaya wa Gwamnati abin da yarinyar ta ce ranar Asabar. Yau ina cire takalmi a ƙofa ta riƙe hannun rigata, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Ta ce, "Malam, shiga da bakinka."

Na ce rantsuwar fa? Ta ce ita ta ɗora, ita ta sauke.

Na shiga. Gwamnati ta tayar da ita zaune ta jingina ta a ƙirjinta, ta gyara robar hancin. Alƙaliya ta dube ni kamar yadda take duban ɗalibin da aka kira gaban allo. Ni kuwa kaina ya zama fanko. Duk ajiyar nan ta makonni, na laluba babu ko ɗaya. Na tsaya da baki buɗe kamar tsohon takalmi. Ta ce a hankali, "Ta sace."

Wannan ya dawo da ni. Na ce kotu ta yi haƙuri, yanzu za a fara. Na ɗauko mai iskar waje. Na yi tafiyarsa, na yi ƙamshinsa, na ari gilashin nas na ɗora a hanci. Na kama kujerar ɗakin na juya ta ta kalli taga, na sa hannu a goshi ina jiran jirgi. Da na zo wurin da ya taɓa tayar da ƙafa ya ce lallai akwai bambanci, sai na ji wani sauti da ban sani ba, kamar an taka ƙaho.

Gwamnati ce. Dariya take, hawaye na zuba, har haƙorin ciki. Ashe akwai giɓi a can, shi take ɓoyewa duk shekarun nan.

Alƙaliya ta ɗaga kai ta ga uwarta, sai ita ma ta tafi. Ba sauti, kafaɗunta kawai ke rawa, tana dukan cinyar uwarta da hannun da babu allura. Leɓen ya tsage. Tarin ya zo, na'ura ta yi ta ƙara, nas suka shigo da gudu suka fitar da ni.

Da aka bar ni na koma, idonta a lumshe, an sauya mata robar da babba mai rufe baki. Na zauna. Ta laluba ta kama yatsana, ta janye robar kaɗan.

"Sabuwa. Fil."

Na ce tawa ce kuwa, ba ta mai walda ba. Ta gyaɗa kai.

Laraba, da safe

Tana barci.

Alhamis, da safe

Tana barci. Na ba ta na fasinjan da jak duk da haka.

Asabar

Takalma a ƙofar gidanmu har bakin titi. Ɗalibanta ma sun zo, a layi, da kayan makaranta.

Laraba, da hantsi

Na je asibiti mayar da kujerar guragu da suka ara mana. Na haɗu da likita a matakala, ya riƙe hannuna ya daɗe. Akwai tambayar da na zo da ita tun daga gida, game da ranar Talatar nan, ko da ban juya kujerar ɗakin na sa ta dariya ba da an ƙara kwana nawa. Na dube shi, hannunsa ya riga ya tafi wajen gilashi. Na san amsar, mai yiwuwa ce. Na bar shi da ita.

Bawan Allah yana nan lafiya lau a kwalbarsa. Za su rubuta labarinsa, in ji likita, don ya amfani wasu. Na ce su rubuta cewa ba mugu ba ne.

Litinin, da yamma

Na buɗe rumfa. Mai walda ya share mini wurin tun kafin in zo. Injin ya tashi bugu ɗaya.

Da rana wani ya turo babur, ya ce in duba masa tayar baya tana sacewa. Na cire, na tsoma tib a baho, na juya, na juya, babu kumfa. Ashe ta gaba ce, shi ma bai duba ba, ni ma ban duba ba, manya biyu da gemu. Na ji wani barkwanci ya fara haɗuwa a kaina. Na gyara masa farko, na ƙara masa gishiri, na rufe rumfa da wuri ina sauri kada ya huce. Sai da na sha kwanar layinmu na hango igiyar shanya ta saman katanga.

Na daɗe a tsaye a wurin.

Na shiga. Gwamnati na zaune a ƙofar ɗakin yarinyar, hannunta a cinya, ba ta yin komai. Ban san me ya sa ba, na tsuguna na ba ta labarin, tun daga farko har gemu. Ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi dariya ba. Ta kalli ƙofar ɗakin kamar mai jiran a yi magana daga ciki, ni ma na kalla.

Can sai ta ce, "Faci ne, Malam."

Na ce ba haka take faɗa ba, takan ɗaga hannu tukuna.

Ta ɗaga hannun.